Gonar Malam Habibu a Hawa na Bakwai

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Ainu Shams a ƙarshen shekarun casa'in, in ka ce masa Malam Habibu, zai fara murmushi tun kafin ka rufe baki. Shekararsa goma sha ɗaya a Alƙahira yana karatu. Karatun bai ƙare ba, shi kuma bai gaji ba. Mutumin kirki ne, wallahi, ba zan ci naman bawan Allah ba, bai taɓa hana kowa shayi ba. Amma bakinsa! In ka ce ka taɓa ganin kada a kogin Nilu, shi ya taɓa hawa. In ka ce ƙafarka na ciwo, kafin ka zauna ya gaya maka sunan jijiyar da abin da ya ɓata mata rai.

A lokacin nan ba a faye rubuta wa tsofaffi wasiƙa ba, kaset ake ɗauka. Ka zauna gaban rediyo, ka danna jan maɓalli, ka zuba zancenka, ka ba mai tafiya Kano ya kai gida. To shi kaset ba ya katse mutum, ba ya cewa "anya kuwa?" Abin da ya cuci Malam Habibu ke nan. Shekara uku yana ba mahaifiyarsa, Inna, labarin gonarsa ta Masar, yadda ruwan Nilu ke kwanciya a cikinta, da yadda Larabawa ke tsayawa suna kallon hannunsa.

Matarsa Husaina tana gefe tana tsince shinkafa. Ranar da abin ya ishe ta, ta ce, "Malam, wace gonar?"

Ya yi maza ya kashe rediyon. "Ke, ana ɗauka!"

"Na ji ana ɗauka. Wace gonar?"

"Gonar tana nan a kaina tsaf. Fili ne kawai bai samu ba."

Cikin sanyin watan Janairu sai ga amsa ta zo. Aka sa kaset, muryar Inna ta fito, tana tari tana gaisuwa. Habibu ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, "na Masar" take ce masa. Ta ce yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, ko fuskar mutum ba ta ganewa, kuma ƙanensa Hasan ya shirya mata tafiya Masar nan da wata uku a yi mata aiki. Sannan ta gyara murya.

"A gaya wa na Masar, fadamata ta bakin rafi da na gada wurin babana, na tsufa, ba zan bar ta a hannun wanda bai san ƙasa ba. Hasan ɗan tireda ne, ya ce ba ruwansa da laka. In an buɗe min ido, gonar nan zan fara gani. In na ga hannun manomi, fadama ta zama tasa tun ina da rai. In ban gani ba, 'ya'yan ƙanena zan ba."

Kaset ya yi ƙas ya tsaya. Hankalin Malam Habibu ya tashi, don fadamar nan ita kaɗai ce abin da yake sa ran komawa gida ya tarar. Takardar shaidar karatu ba ta zo ba, ba ta kuma yi alamar tana hanya ba.

Husaina ta ce, "Ka ga abin da nake gudu. To ga mafita. Ina da gwangwanaye goma sha biyu a saman bene, yakuwa da alayyafo. In Inna ta zo ka gaya mata gaskiya, ka nuna mata su."

"Gwangwanin madara? Ni? Mutumin da ya ce Nilu na kwanciya a gonarsa zai nuna wa uwarsa gwangwanin madara?"

"Ai ba ni na aike ka ka faɗa ba."

Benen da suke haya hawa shida ne, rufinsa shi ne na bakwai a lissafin Malam. Su suna hawa na ɗaya, daf da matakala. Mai gidan, Ummu Magdi, wata ƙatuwar bazawara Bamisriya mai murya kamar ta mai tallar kifi, tana hawa na shida, ta kuma cika gefe guda na rufin da zomaye da agwagi da tukwanen na'ana'a. Ta ba Malam ɗaya gefen, don dai ya daina yi mata Larabcin littafi a bakin ƙofa.

Saura abin shukawa. A nan abokinsa Gideon ya shigo, mutumin Zonkwa, direban wani jami'in jakadanci a unguwar Ma'adi. Suna shan shayi Gideon ya riƙa ba da labarin wata ciyawa da ta addabi lambun maigidansa. Ganyenta mai haƙora, furenta rawaya, in ya bushe ya koma farin gashi mai bin iska. Turawa na ce mata dandaliyan, Larabawa hindiba.

"An tuge ta, an sare ta, an zuba mata magani," in ji Gideon. "Gobe ka zo ka tarar da ita tana maka dariya. Wallahi abar nan ba ta mutuwa."

Malam Habibu ya ajiye kofi a hankali. "Ba ta mutuwa ka ce?"

"Ko ka kashe ta."

Ka ji dalilin da ya sa ya zaɓe ta, amma ba haka ya gaya wa jama'a ba. Kafin Juma'a duk Ainu Shams ta ji cewa Malam Habibu zai noma wani tsiro mai daraja da ya gano a littattafan tibbu, wato ilimin magani, mai wanke hanta, mai gyara jini, wanda Turawa ke nema ido rufe. Ya ce yakuwa noman mata ce, shi noman ilimi zai yi.

Ya hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, har ƙarshen layi, ya sayo takin jaki buhu guda, ɗanye shar. Duk wanda ya san metron Alƙahira ya san ko wurin ajiye ƙafa ba a samu. Ranar nan Malam Habibu ya samu benci guda shi kaɗai. Mutane sun takure a can ƙarshen tarago, kowa ya toshe hanci da jarida, wata tsohuwa tana ta kiran sunan Allah. Da ya dawo ya ce wa Husaina, "Kin ga Larabawa? Sun san darajar manomi. Har wuri suka ba ni."

"Je ka yi wanka, Malam, ni ma zan ba ka wuri."

Sahu goma sha takwas ya yi yana hawa da ƙasar shuka. A sahu na goma sha tara buhun takin ya fashe a hawa na huɗu, ya gangaro matakala har bakin titi, ranar nan ba irin zagin da bai sha ba. Da ƙasar ta kasa, sai ya juya kan gwangwanayen Husaina ya riƙa zazzage su cikin gonarsa, da yakuwar da alayyafon da komai. Ta hawo da bokiti ta tarar da goma sha ɗaya a kife. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don irin yakuwar nan a ƙullin zane ta zo da shi daga gida. Ta ɗauke na goma sha biyun ta ɓoye a bayan tankin ruwa.

Ya tayar da kunyoyi uku a kan siminti, manya, irin na dawa. Gideon ya kawo masa iri cikin ambulan. Malam ya tsaya a tsakiyar gona, ya yi bismilla da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya yage bakin ambulan. Iska ta ce ga ni. Rabin irin ya tashi fuu ya watsu a rufin, yana binsa yana cafkar iska da hula. Sauran rabin kuwa ya shuka shi yadda ya ga ana shuka dawa yana yaro: ya sara rami mai zurfi, ya jefa, ya rufe, ya danne da diddige.

Mako uku ba abin da ya fito. Kullum sai ya hau ya durƙusa ya leƙa kunya, ya sauko ya ce saiwa take yi tukuna.

Ashe wanda iska ta kwasa shi ya samu shiga. Hindiba ta fito a tukwanen na'ana'ar Ummu Magdi. Ta fito a tsagar bango, ta fito a bakin magudanar ruwa, har cikin wani tsohon takalmi da aka yar ta fito. Ko'ina a rufin nan ta tsira, ban da wuri ɗaya, gonar Malam Habibu.

Wata safiya ya hawo ya ga Ummu Magdi tana tuge ta daga tukwanenta tana watsa wa zomaye. Ya yi kukan kura ya zura hannu cikin keji, ya kama ganye ta gefe guda, zomo ya kama ta ɗaya gefen.

"Ya Shaikh Habib! Abincin zomo kake ƙwacewa?"

"Amfanin gonata ne, ya Hagga!" in ji Malam, don haka Misrawa ke cewa Hajiya.

"A tukunyata?"

"Ƙaura ya yi."

"Shekara goma sha ɗaya kana karatu, a ƙarshe da zomo kake kokawa? Kuma shi ke cin nasara!"

Gaskiyarta, zomon ne ya tafi da ganyen. Amma ta tausaya masa ta bar shi ya tone ragowar ya dasa a kunyoyinsa. Da yamma a wurin shan shayi ya yi wa ɗalibai bayani cewa dama haka tsarin yake, ana fara reno a wani wuri sannan a dasa, duk wanda ya karanta noma ya san wannan.

Dashe na son ruwa. Malam ya jona tiyo a famfon rufin, ya kwantar da shi tsakanin kunyoyi don ruwa ya riƙa bi a hankali kamar na Nilu, ya sauka ya ce minti goma zai yi. A bakin titi ya haɗu da wasu sababbin ɗalibai 'yan Gusau da ba su taɓa jin labarinsa ba. Haba, ina zai bar wannan dama? Sai azahar ya tuna da tiyo.

Ya tarar da agwagi suna iyo a gonarsa, murna kamar ranar salla. Ruwan ya ratsa rufi ya sauka falon Ummu Magdi, yana ɗiga daidai kan hoton marigayi mijinta. Ta fito da silifa a hannu, kuma duk wanda ya zauna Masar ya san silifar uwar Bamisire ba ta kuskure. Ta same shi a ƙeya daga nisan taku goma.

"Ma'alish, ya Hagga, yi haƙuri, ma'alish!"

"Ma'alish a idonka! Mutumin nan shekara talatin yana tsoron ruwan sanyi, sai da ya mutu za ka yi masa wanka? Daga yau in na ga hannunka a kan famfon nan, sai na karya shi. Khalas, magana ta ƙare!"

Ta sa kwaɗo ta kulle famfon. Daga ranar ban ruwa ya koma kan Husaina, ita ke cika bokiti a hawa na ɗaya ta hau da shi har sama, sahu huɗu kowace safiya. Ta ce masa, "Ba don ciyawarka nake yi ba, don fadamar Inna nake yi. Ni ma ina son in koma gida in tarar da abin tsayawa a kai."

Don ya wanke laifinsa, Malam ya ce zai gyara wa Ummu Magdi ƙofar kejin zomaye da ke ƙara. Ya ce kafinta ne shi tun yana ƙarami. Ya cire ƙusa huɗu, ya mayar da uku, ya ce ta huɗun dama ado ce. Washegari aka tarar da ƙofa a ƙasa, zomaye goma sha huɗu a kan kunyoyi, sun aske gonar tas, ko kore ɗaya ba su bari ba. Ya bi su da tsintsiya, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin bahon agwagi.

Ranar ya yi shiru, har Husaina ta fara jin tausayinsa. Ina! Kwana goma hindiba ta sake tofowa, ta ninka ta da. Bakin Malam ya dawo wurinsa. Ya ce shi ya saki zomayen da gangan, wata dabara ce ta mutanen Andalus.

Da ganye ya cika, sai ya ce lokaci ya yi da jama'a za su shaida. Ranar Juma'a da hantsi ya tara ɗalibai biyar, ga Gideon da ya biyo zai wuce ɗaukar matar maigidansa. Malam ya tono saiwa ya haɗa da ganye ya dafa a babbar tukunya har ruwan ya yi baƙi. Kowa ya kurɓa sai ya runtse ido.

Gideon ya ce, "Malam, wannan ai maɗaci ya fi shi tausayi."

"Ɗacin shi ne maganin. Hantarka ce ke jin kunya. Ƙara kofi."

Kofi uku-uku ya ɗura musu, shi ya sha biyar don nuna misali. Abin da littafin tibbun bai gaya masa ba, ko ya gaya masa bai kai shafin ba, shi ne hindiba na saukar da fitsari ba sallama. Suka tafi masallaci da wuri suka samu sahun gaba. Liman bai gama gabatarwar huɗuba ba ɗan Gusau na farko ya miƙe, yana tsallake kafaɗun mutane. Na biyu ya bi shi. Kafin a zauna tsakanin huɗuba biyu duk su shidan suna layi a bakin bayi, kowa na taka rawa a tsaye, Malam Habibu a gaba yana buga ƙofa yana Larabcin littafi. Sau uku suna sake alwala. A sahun takalma suka samu raka'a ta biyu.

Gideon kuwa cunkoso ya riƙe shi a kan doguwar gadar nan ta tsakiyar gari, wadda in ka hau ba wurin sauka, ga matar maigida a baya. Da yamma ya zo har gida, idonsa jajir.

"Awa ɗaya da rabi, Malam Habibu. Awa ɗaya da rabi ina waƙar coci da ƙarfi don kada in yi kuka. Madam ta ɗauka tuba na yi."

"Ka ga ta wanke ka ke nan."

"Saura kaɗan ta wanke kujerar mota!"

A farkon Afrilu Inna ta iso, 'yar tsohuwa siririya da sanda, ana riƙe da hannunta. Aka yi aikin idon dama, bayan kwana goma aka yi na hagu. Likita ya kafa sharaɗi: ba sunkuyawa, ba ɗaukar kaya, ba hawa bene sai ya ba da izini. Tana kwance a ɗakin da ke jikin matakala, ido a naɗe, ba abin da take yi sai saurare.

A kwanakin nan ne gonar ta yi fure. Kai, ranar ko maƙiyin Malam Habibu sai ya yaba. Rufin ya yi rawaya shar, har Ummu Magdi ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Tamam," wato ya yi. Malam ya riƙa saukowa yana zama gefen Inna yana kwatanta mata, yana ƙara gishiri. Ita dai sai ta ce, "Uhm. Allah ya nuna mana." Rannan Husaina ta yi mata miyar taushe, ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"'Yar nan, wannan yakuwar ɗanya ce. A ina kika samu ɗanyar yakuwa a ƙasar Larabawa?"

Malam ya riga ta amsawa. "Ai Inna, gona ba abin da babu."

"Uhm," in ji Inna.

Ranar da likita ya ba da izini, Malam ya gayyaci kowa walimar buɗe ido a saman bene bayan la'asar. Da safe ya hau duba gona, sai ya ja ya tsaya. Rawaya ta tafi. Kowane fure ya koma farin ƙwallon gashi, ɗaruruwa, suna tsaye a kan siraran karare. Husaina ta ce a ɗaga walimar. Ya ce a kan me? Ai yanzu ma ta fi kyau, amfani biyu ke nan a shuka ɗaya, ga magani ga auduga.

Aka shimfiɗa tabarmi. Ɗalibai sun zo da fararen kaya, Gideon ya zo amma ya rantse ba zai sha komai ba sai ruwan da ya zo da shi. Aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe a manyan kwanuka. Ana zafi ranar, iska ko motsi ba ta yi. Malam ya aro wata ƙatuwar fankar tsaye a shagon aski, ya jawo waya daga hawa na shida. Maimakon ya ajiye ta gefen baƙi, sai ya kai ta bayan gonar ya juyo da fuskarta wajen jama'a, wai don ƙanshin amfanin gona ya riƙa isa gare su.

Gideon ya ce, "Malam, anya?"

"Kai dai tuƙi ka sani."

Aka ce ga Inna nan tana hawowa, Husaina na riƙe da ita. Malam ya gyara hula ya danna lamba uku a jikin fankar.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gonar gaba ɗaya ta tashi sama. Farin gashi ya turnuƙe rufin, ya shiga gemu, ya shiga hanci, ya kwanta a kan miyar taushe har ba ka ganin man ja. Masu atishawa na yi, masu salati na yi, agwagi na kuka, Ummu Magdi na ihu a kan shanyarta. Daidai lokacin Inna ta sako ƙafa a matakalar ƙarshe, ta cire baƙin tabarau don ta ga gonar ɗanta. Ta ga duniya fari fat.

"Wayyo Allah! Yanar ta dawo! Husaina, yanar ta dawo!"

Husaina ta yi tsalle ta fizge wayar fanka. A hankali gashin ya sauka. Inna ta ƙifta ido ta ga mutane, kowa da furfurar da bai zo da ita ba. Ta ga ɗanta karo na farko cikin shekaru, ta dube shi sosai, idonta ya kawo ruwa, ta ce ya rame. Sannan aka kawo mata kujera ta zauna ta fuskanci kunyoyi.

"To, ina gonar?"

"Ga ta nan gabanki, Inna."

"Na ga ciyawar. Gonar nake tambaya."

Wani ɗalibi ya tura hula a baki. Malam ya gyara tsayuwa ya fara: sunanta hindiba, malaman tibbu sun ce, Turawa kuma suna... Inna ta miƙa sanda ta ɗago ganye guda, ta murza ta sansana.

"Shekara hamsin ina tuge 'yan'uwan wannan a bakin rafi. Kai na Masar, haka ake barin ciyawa ta cinye shuka? Ni likita ya hana ni sunkuyo. Naɗe hannun riga."

"Inna, ai ita ce..."

"Fara daga nan. A cire ta mu ga abin da ka shuka a ƙarƙashi."

Wa ya isa ya yi musu da uwarsa a gaban jama'a? Malam Habibu ya durƙusa da babbar rigarsa ta walima. Inna na nunawa da sanda, yana tugewa. "Ga wata can. Da saiwar, kada ka gutsure. Wannan wane irin riƙo ne, kamar mai tsoron ƙasa?" Ummu Magdi ta kawo kwando tana bin bayansa tana tarawa, har da rangaɗa guɗa, tana cewa zomayenta sun gode. Gideon ya koma bayan keji ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Wata uku na wahala, cikin rabin awa ya tuge shi da hannunsa.

Kunyoyi uku suka fito tsirara. Inna ta leƙa ta farko, ta leƙa ta biyu, ta leƙa ta uku. Dariya ta ɗauke, don kowa ya san fadama ce ke shirin kuɓuce masa. Malam yana durƙushe da ƙasa har gwiwar hannu, ya kasa ɗaga kai.

Inna ta ce, "Yakuwar da na ci ranar nan fa? Daga ina?"

Husaina ta zagaya bayan tanki ta fito da gwangwanin madara guda. Yakuwa ce tsaye a ciki, jan kara, ganye kore shar, ba ko tabon tsutsa. Inna ta karɓa ta ɗora a cinya, ta danna ƙasar da babban yatsa, ta juya ganyen ta duba bayansa, ta ga inda aka yi tsinka daidai gaɓa don ya sake tofowa. Ta daɗe tana kallo.

Malam ya ga ƙofa ta buɗe. Ya yi gyaran murya. "Wannan, Inna, wani reshe ne na gonar, wanda na..."

"Rufe min baki. Ido ne ya mutu min, ba kunne ba. Kwana ashirin ina kwance jikin matakalar nan. Kowace safiya ina jin silifa da bokiti suna hawa sau huɗu. Takalminka kuwa ban taɓa jin ya nufi sama kafin hantsi ba, kuma bai taɓa hawa da nauyi ba." Ta juya ta miƙa wa Husaina gwangwanin. "'Yar nan, na ce fadama ta mai hannun noma ce, ban fasa ba. Ga shaidu sun ji. Taki ce, halak malak. In kin ga dama ki ɗauke shi aikin korar tsuntsu, bakin yana da amfani a nan."

Husaina ta durƙusa, hawaye ya zubo mata, ta shiga godiya. Jama'a suka ɗauki kabbara. Gideon ya fito daga bayan keji yana tafi.

Kana tsammani shi ke nan an kashe bakin Malam Habibu? Ba ka san shi ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya cire gashin hindiba daga gira, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"To kun gani dai. Fadama ta shigo gidana ko ba ta shigo ba? Shi noma, asalinsa iya zaɓen iri ne. Duk cikin matan garinmu, wa ya zaɓo wannan?"

Inna ta mayar da tabarau ɗinta, ta miƙa hannu a ba ta tuwo.

"Ni na zaɓo maka ita," ta ce. "Kai lokacin wata mai tallar gyaɗa kake bi."